Wasiƙun da aka rubuta kan Lawrence

Edita zai buga sharhi shafi guda kan magana mai zafi, gari ya waye ba wanda ya ce uffan. Amma a zana maganar nan a 'yan akwatuna huɗu, da fuska da hawaye, sai wayar ofis ta hana kowa sakat. Na ga haka da idona a Kanada a 1993, ina ɗalibi a lardin Ontariyo.

A lokacin akwai wata mai zanen barkwanci 'yar ƙasar, Lynn Johnston, wadda tun 1979 take fitar da zanen For Better or For Worse kullum, har jaridu sama da dubu suna ɗauka. Labarin gidan wani likitan haƙori ne da matarsa da 'ya'yansu. Abin da ya sa ya shiga ran jama'a shi ne yaran cikin zanen suna girma kamar na gaske. Lawrence, ɗan maƙwabta kuma aminin Michael, babban ɗan gidan, a gaban masu karatu ya tashi tun yana ɗan mitsitsi. A ƙarshen Maris na shekarar sai ya shaida wa Michael cewa shi jinsinsa yake so. Da maganar ta isa gida, uwarsa ta ƙi yarda da kunnenta, mijin uwar kuma ya nuna masa ƙofa. Cikin dare hankalin uwar ya tashi, ta roƙi Michael ya nemo shi. Ya same shi zaune a wani shagon da ba ya rufewa, ya komo da shi gida. Wajen mako huɗu aka yi ana wannan labari, a daidai lokacin da Amurka ke ta cacar baki kan ko Shugaba Clinton zai bar masu neman jinsi su yi aikin soja.

Ƙura ta tashi. Wasu jaridu sun daina ɗaukar zanen ɗungurungum, wasu sun nemi a ba su wani su cike gurbin, mutane kuma suka yi ta soke kuɗin jaridarsu. Shafin wasiƙun masu karatu ya zama abin da nake fara buɗewa.

Akwai ƙorafin da har yau nake ganin yana da nauyi. Iyaye sun ce shafin zane shi yara ke fara wawura da safe, don haka su ya kamata su zaɓi ranar da za su yi wa ɗansu wannan bayani, ba jarida ba. Sun kawo mafita ma: a mayar da zanen shafin ra'ayi, yadda wasu jaridun Amurka suka daɗe suna yi wa Doonesbury na Garry Trudeau. Mai irin wannan wasiƙa ya sa sunansa, ya faɗi damuwarsa, ya ba edita abin yi.

Sauran kuwa, da yawansu tun kwanakin farko aka rubuta su, kafin labarin ya je ko'ina. Sun yi ta zargin batsa, alhali babu akwati ko ɗaya da ke da abin rufe ido. Wasu sun wuce zanen sun koma kan Johnston, da zagi da tsinuwa. Na karanta irin waɗannan da takaici, domin an kira sunan Allah a layin farko, an ci mutuncin baiwar Allah a na biyu.

Tsohuwar da nake haya a gidanta, wadda nake ce wa Mama, ba ta fashin coci. Ranar da labarin ya fara ta ɗauko almakashi ta yanke zanen saboda jikokinta, kuma haka ta ci gaba kowace safiya, tana tarawa a gwangwanin biskit. Da aka gama sai ta jera su a teburin kicin, ta sa tabarau, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. A wurin da aka kori yaron ta daɗe ba ta motsa ba. Ta ce da ni, “Ɗana, a ƙasarku me uwa za ta yi?” Na ce, “Mama, hukuncin addininmu a kan wannan a bayyane yake, kamar naku. Amma mu kan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.” Ta rubuta wa jaridar cewa ra'ayinta na nan yadda yake, tana kuma so a sauya wa zanen shafi, amma kada a cire shi, don ta san gidajen da aka yi irin wannan kora kuma yaron bai komo ba.

Tata wasiƙar ta fi duk waɗanda na karanta. Ba ta sayar da imaninta ba, ba ta kuma yi wa zanen ƙarya ba. Ta gane tambayar da aka yi mata: ɗa yana waje cikin sanyi da tsakar dare, a bar shi ko a nemo shi? A 1994 labarin Lawrence ya kai Johnston zagayen ƙarshe na lambar Pulitzer a ɓangaren zanen ra'ayi.

A Najeriya, inda dokar hana auren jinsi ta fara aiki a Janairun 2014, magana irin wannan ta fi saurin kama wuta, ga shi yanzu akwati ɗaya ake yankowa a watsa a WhatsApp ba kai ba gindi. Idan irinsa ya iso wayarka, ɗan'uwa, nemi cikakken zanen ka gani tukuna. In har yanzu ranka bai so ba, rubuta wa edita da sunanka, ka faɗi abin da kake so a gyara, kada kuma ka yaɗa hoton mai zanen ko unguwar da yake zaune.