Birkin Fim Daban, Birkin Kwalta Daban

Duk mai kallon finafinanmu ya san wannan fitowar. Jarumi ya taho a guje cikin mota, ransa a ɓace, wai zai je ya hana ɗaurin auren masoyiyarsa. Kwatsam sai ga yarinya ta faɗo titi da farantin talla. Sai ka ji ƙiiii! Mota ta tsaya cak, taku ɗaya tsakaninta da yarinyar. Ya fito zai yi masifa, suka haɗa ido, shi ke nan sai waƙa.

To jama'a, wannan birkin a hannun edita yake. An ɗauki motar tana gudu daban, an ɗauke ta a tsaye daban, aka haɗa, aka ɗora ƙarar taya. A kan kwaltar gaske babu motar da ke tsayawa haka, ko da yau aka ɓare ta daga leda. Abin da ke damuna shi ne da yawa daga cikinmu matasa a talabijin muka fara ganin tuƙi kafin mu taɓa sitiyari, sai muka ɗauka birki wani laƙani ne, da ka taka magana ta ƙare.

Mu ɗan yi lissafi, kada mai karatu ya gudu, ba na makaranta ba ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowane sakan. Daga lokacin da idonka ya ga abu zuwa lokacin da ƙafarka ta bar totur ta sauka kan birki, ana ɗaukar sakan ɗaya zuwa ɗaya da rabi, shi ma in hankalinka na kan hanya. Ka ga wajen mita 40 ta tafi ke nan, birki bai ma san ana yi ba. In ya kama kuma, sai motar ta ƙara cin kamar mita 55 kafin ta tsaya, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau. Haɗa su, kusan mita 100, wato tsawon filin ƙwallo daga raga zuwa raga.

Ga inda abin ya fi ba ni tsoro. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkuwa. Mai gudun 50 mita 14 ta ishi birkinsa. Mai gudun 140 kuwa, irin samarin nan masu alfahari da ƙure maleji, sai ya ci wajen mita 110 bayan ya taka. A ce motoci biyu sun jero, ɗaya a 100 ɗaya a 140, suka hango saniya a lokaci guda. A daidai inda ta farkon ta tsaya cak, ta biyun wallahi tana kan gudun sama da 100.

Kawuna ya shekara talatin yana jan bas tsakanin Kano da Maiduguri, kuma a wurinsa na fahimci cewa tsofaffin direbobi ba su cika wahalar da birki ba. Wata rana ina zaune a gaba kusa da shi, hanya fayau, sai na ji ya ɗaga ƙafa daga totur. Na ce, "Kawu, lafiya?" Ya ce, "Ba ka ga akuyar can a hagu ba?" Na ce, "Na gan ta, ai tana gefe abinta." Ya ce, "To 'ya'yanta suna dama. Ɗayansu sai ya tsallaka, yaro." Ba mu ƙarasa wurin ba ta keto titi. Shi kuwa ɗan taɓa birkin kawai ya yi, fasinjojin baya ko farkawa ba su yi ba.

Haka yake karanta hanya kamar allo. Ganye zube a kan kwalta, mota ta lalace a gaba. Ƙwallo ta gangaro titi, akwai yaro a bayanta. Mutum ya ɗaga hannu a bakin hanya, A Daidaita Sahun da ke gabanka zai yanke ba sigina. Tirela a tsaye a gefe, sai ya leƙa ƙarƙashinta ko zai ga ƙafafun mai shirin fitowa. Ya san ranar kasuwar kowane gari a hanyar, tun daga nesa yake rage wuta. Kuma ba danjar motar gabansa kaɗai yake kallo ba, har ta wadda ke gaban ta gabansa.

Duk wannan ba ya yiwuwa in ka manne wa motar gabanka kamar ƙaska. Dabarar mai sauƙi ce: ka zaɓi falwaya ko bishiya, in motar gabanka ta gifta ta ka fara ƙirge a nutse, ɗaya, biyu, uku. In ka iso kafin ka gama, ka matse da yawa. In ana ruwa ka ninka, musamman ruwan farko na damina, wanda ke kwaɓa ƙura da man da ya zuba a titi ya zama santsi. Haka in hazo ya sauka. Da dare kuma, kada gudunka ya wuce inda hasken fitilarka ya tsaya.

Mu masoya fim ba sai an yi mana dogon bayani a kan abin da hanya ke ci ba. A 2003 muka rasa Balaraba Muhammad a hanyar Kano zuwa Kaduna, ana kai ta ɗakin mijinta. Ranar 1 ga Janairu, 2007 muka rasa Ahmed S. Nuhu a wajen Azare, yana kan hanyar Maiduguri. Allah ya jiƙansu da rahama. Ban kawo sunansu don ɗora wa kowa laifi ba, sai don mu tuna cewa rabin rayuwar 'yan industiri a kan hanya take, yau lokeshan, gobe gala, jibi biki. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan fa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa ƙananan motoci gudun 100 a babban titi mai tagwayen hanya, 50 a cikin gari. Amma je ka ga ayarin abokan ango ranar Asabar!

Sai kuma ita kanta motar. In taka mai ABS ce, ranar da ta ɓaci ka danne birkin da ƙarfi ka riƙe. Za ka ji yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, kada ka saki, aikinsa yake yi, yana hana taya ƙullewa don ka iya juya sitiyari ka kauce. Wadda ba ta da shi ce in taya ta ƙulle ake ɗan sassautawa a sake takawa. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo in an sauko daga Jos, ƙaramar giya ake sawa inji ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, ko ya saki giya wai yana tattalin mai, birkin zai yi zafi ya daina kamawa tun bai kai ƙasa ba. Man birki ma yana shan danshi, shi ya sa ake so a canza shi kamar duk shekara biyu, kuma in ka ji ƙarfe na gogar ƙarfe kada ka jira ƙarshen wata kafin ka ga bakanike.

Taya kuwa, a nan muka fi yin ganganci, saboda 'yar gwanjo ta fi araha. Duba gefenta, akwai lambobi huɗu a jere. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya ko zanenta bai goge ba robar ta bushe, ga kwaltarmu da zafi a watan Afrilu. In kuwa ta fashe kana cikin gudu, abin da ƙafarka za ta fara nema shi ne birki, kuma shi ne zai wuntsila motar. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka saki totur a hankali, ka bar ta ta rage gudu da kanta. Sai ta lafa sannan ka taɓa birkin kaɗan-kaɗan, ka gangara gefe.