Daga Madatsa Zuwa Bakin Famfo

Ruwan da babban birni ke sha ba a cikin birnin ake samunsa ba. Daga nesa ake tanado shi, a tace shi, sannan a turo shi. Na daɗe ina nazarin wannan al'amari game da Kano, inda ruwan sama ke sauka watanni huɗu zuwa biyar kacal, alhali jama'a na bukatar sha har tsawon shekara.

Matakin farko shi ne adanawa. Domin haka aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, sai kuma ta Challawa da ke Ƙaraye a 1992. Madatsun nan kan tare ruwan damina, su riƙa sakinsa sannu a hankali da rani. Matatun Tamburawa da Challawa su ke jan ruwan daga kogi. A can ake zuba alif domin laka ta kwanta, a bi da shi ta cikin yashi, a sa sinadarin kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Daga nan injuna su tura shi manyan tankuna a kan tudu, irin na Goron Dutse, ya gangaro cikin unguwanni.

A ganina, wuyar aikin ba ta ga madatsa take ba, tana ga abin da ke biyo bayanta. Inji ba ya juyawa sai da wutar lantarki. Tsohon bututu kan tsiyayar da ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Birni kuma kan yi faɗi ya wuce inda bututu ya tsaya. A nan ne mai hali yake haƙa rijiyar burtsatse, talaka kuwa ya koma ga 'yan garuwa, ya sayi jarka da tsadar da ta fi kuɗin famfo. Inda tsabtataccen ruwa ya yanke, kwalara da taifot ba sa nisa.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sai jama'a sun biya kuɗin ruwa hukuma za ta iya gyara, sai kuma ruwa ya zo jama'a za su yarda su biya. Malamin da ya fahimtar da ɗalibansa wannan doguwar tafiya ya tarbiyyantar da masu rufe famfo, masu kai rahoton fashewar bututu, masu kuma tambayar hukuma inda kuɗinsu ya shiga.