Ziyara Garin Henrietta Lacks, Matar da Ƙwayoyin Jikinta Suka Ƙi Mutuwa

Shekara goma sha bakwai na yi ina bin gida-gida a ƙauyukan Kano da akwatin ƙanƙara rataye a kafaɗa, ina ɗiga wa yara rigakafin shan-inna. Amma ban taɓa jin sunan Henrietta Lacks ba sai bayan na yi ritaya, lokacin da 'yata ta fari, wadda ke karatun digiri na uku a birnin Baltimore na Amurka, ta aiko mini da tikiti, ta ce in zo in ga aikin da ya hana ta zuwa gida salla biyu a jere.

Na tashi daga Kano a farkon Oktoba, muka ya da zango a Addis Ababa, washegari muka sauka a Washington. Daga can muka hau jirgin ƙasa zuwa Baltimore, tafiyar kamar awa guda. Ganyen bishiyoyin gefen hanya sun fara rikiɗa zuwa ja da ruwan ɗorawa. Ni ina ta ƙudundune cikin mayafi, 'yata kuwa tana cewa ai sanyin bai ma iso ba.

A rana ta uku ta nemi izinin shugabanta ta shigar da ni ɗakin gwaje-gwajen da take aiki. Aka ba ni farar riga da safar hannu. Tun a bakin ƙofa ta ja mini kunne: "Umma, don Allah kada ki taɓa komai. Ƙura ɗaya in ta faɗa kwalba, aikin wata uku ya lalace."

Ta buɗe wani akwati mai kama da firij, sai ɗumi ya bugo ni. Ta ce kullum yana kan digiri 37, daidai zafin jikin mutum. A ciki an jera kwalaben roba a kwance, kowace da ɗan ruwa ja-ja kamar zoɓon da aka tsinka. Wannan ruwan shi ne abincin ƙwayoyin halittar da suke kiwo: sukari, gishiri, sinadaran gina jiki da ruwan jinin ɗan maraƙi. In sun cinye, launin ya koma rawaya, a zubar a zuba sabo. In kuma sun cika gindin kwalbar, sai a ɓanɓaro su da wani sinadari, a rarraba su cikin sababbin kwalabe. Na ce mata wannan ai dashe ne, kamar na shinkafa a Kadawa. Ta ce, "Wallahi Umma, haka yake." Waɗanda ba a bukata yanzu kuwa ana daskarar da su a wata tukunyar ƙarfe, cikin sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, su yi shekaru, a ɗauko a narkar su ci gaba da rayuwa.

Sai ta ɗora kwalba ɗaya a ƙarƙashin madubin likita ta ce in leƙa. Na ga wasu 'yan abubuwa manne da juna kamar daɓen tsakuwa, wasu sun dunƙule suna shirin rabewa biyu.

"Umma, waɗannan daga jikin wata mata suka fito. Ta rasu tun 1951."

Na ɗago kai na yi salati. Na tambaye ta ko matar ta san an ɗiba. Ta girgiza kai. Daga nan na ce sai ta kai ni inda abin ya faru.

Asibitin Johns Hopkins yana gabashin birnin. Tsohon ginin jan bulo mai ƙubba, wanda aka buɗe a 1889, yana nan tsaye a tsakiyar sababbin benaye. A jami'ar da ke haɗe da shi ne Ross Harrison, a 1907, ya nuna cewa za a iya raya tsokar jijiyar ɗan kwaɗo a cikin ɗigon ruwa ta ci gaba da tsiro a wajen jiki. Sai dai na ɗan Adam sun daɗe suna ba masana wuya. Ƙwayoyin jikin mai lafiya ba sa wuce rabuwa kamar sau hamsin, sai su tsufa su tsaya. Wani mai bincike, George Gey, tare da matarsa Margaret, sun shafe shekaru suna gwadawa. Har ganga mai juyawa a hankali ya ƙera, don ruwan abinci ya riƙa wanke ƙwayoyin kamar yadda jini ke yi. Duk da haka mutuwa suke yi.

A watan Janairun 1951 Henrietta, baƙar fata mai 'ya'ya biyar, ta zo asibitin tana fama da zubar jini. A lokacin ɗakunan baƙaƙe daban ne da na farare. Aka gano sankarar bakin mahaifa. Yayin da ake mata magani aka yanki ɗan tsokar ƙarin aka kai wa Gey, ba tare da an tambaye ta ba, domin dokar wancan zamani ba ta wajabta tambaya ba. Mataimakiyarsa Mary Kubicek ta zuba shi a kwalba, ta rubuta haruffa biyu na farkon sunan matar da biyu na sunan gidansu: HeLa. Waɗannan ba su mutu ba. Kusan kowace awa 24 sai yawansu ya ninka. Ita kuwa mai jikin ta rasu ranar 4 ga Oktoba na shekarar, tana da shekara 31, aka binne ta a ƙauyensu Clover na jihar Virginia, a kabarin da bai sami alama ba sai 2010.

Ranar Asabar muka ɗauki mota zuwa Turner Station, unguwar da ta zauna, a bakin ruwa kudu maso gabas da birnin. Ƙananan gidaje ne da coci-coci, shiru kamar garin da matasansa suka tafi ci-rani. Masana'antar ƙarfe ta Sparrows Point, inda mijinta ya yi aiki, an rufe ta tun 2012. Na tsaya ina kallon ƙofofin gidajen, irin waɗanda na saba ƙwanƙwasawa. A irin wannan gida 'ya'yanta suka taso ba uwa, ba su san ana sayar da ƙwayoyin jikinta a faɗin duniya ba sai bayan shekara ashirin da 'yan kai, lokacin da masu bincike suka zo neman jininsu. Gey kyauta ya riƙa rabawa, asibitin ma ya ce bai taɓa sayarwa ba, amma kamfanoni sun tara dukiya, alhali wasu cikin iyalinta ba su da halin biyan kuɗin asibiti. Sai a 2013 aka fara neman yardarsu kafin a duba bayanan halittarta, a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama ta, a 2023 kuma suka sasanta da kamfanin Thermo Fisher da suka kai ƙara.

A hanyar dawowa 'yata ta faɗa mini abin da ya sa ni hawaye. Lokacin da Jonas Salk ya haɗa rigakafin shan-inna, ana bukatar ƙwayoyin halitta masu tarin yawa don auna ko yana aiki. A makarantar Tuskegee ta baƙaƙen fata aka kafa wurin noman HeLa, aka riƙa aika su ɗakunan gwaji a lokacin babban gwajin 1954. Ashe yaƙin da na yi wa rabin rayuwar aikina, wanda ya kai ga ayyana Afirka ta rabu da shan-inna na asali a watan Agustan 2020, da hannun wannan baiwar Allah a farkonsa. Kuma a cikin ƙwayoyinta aka samu nau'in cutar HPV mai haddasa sankarar da ta kashe ta. Rigakafin wannan cuta Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a Oktoban 2023. Fasahar da ta faro daga irin waɗannan kwalabe yau ta kai ana noma fata don masu ƙuna, har an dasa wa marasa lafiya mafitsarar da aka gina daga ƙwayoyin jikinsu.

Na tuna iyayen da suka riƙa tsayar da ni a zaure a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafi a Kano, suna tambaya: mene ne a ciki, wa ya aiko ku? Ba su manta gwajin maganin da aka yi wa yara a annobar sanƙarau ta 1996 ba. A Turner Station na ƙara gane cewa tambayarsu haƙƙi ce. Jikin mutum amana ne, kuma amfanin da za a samu, komai girmansa, ba ya ɗauke wajibcin neman izini.

Saboda haka kirana ga 'yan'uwana ma'aikatan lafiya: ku zauna ku yi bayani, ku nemi yarda kafin ku ɗebi jini ko ku yi allura. Ku kuma iyaye mata, ku yi tambaya har ku gamsu, sannan ku kai 'ya'yanku mata rigakafin sankarar bakin mahaifa, ku ma ku je a duba ku tun ciwo bai yi nisa ba.