Julmust, lemon da sai an shiga sanyi yake fitowa

1/ Jama'a, a Suwidin har abin sha yana da lokacinsa, kamar mangwaro a gida. Bari in ba ku labarin wanda ya tafi da ni a hunturun nan. 🧵

2/ A Disamba, kafin ƙarfe 3 na yamma rana ta faɗi a Stockholm. Lokacin ne ake fito da julöl, giyar Kirsimeti, baƙa mai kauri. Duk wadda ƙarfinta ya haura kashi 3.5, ba ka samunta a kantin unguwa sai shagon gwamnati, Systembolaget, kuma sai ka kai shekara 20.

3/ Ni dai ba na shan giya. Amma wanda ya yi karatu a waje ya san abin: walimar ƙarshen zango, kowa ya ɗaga kofi, kai kana riƙe da ruwa kamar mai jiran shan magani. Sai tambayoyi su biyo baya.

4/ Julmust ne ya raba ni da wannan. A 1910 Harry Roberts da mahaifinsa suka fito da shi a garin Örebro, musamman don wanda ba ya son barasa a teburin biki. Ana haɗa shi da tsiron sha'ir da furen hops, wanda ke ba giya ɗacinta, amma shi lemo ne zalla.

5/ Ɗanɗano fa? Baƙi ne wuluk, kumfa na tashi ta daɗe ba ta kwanta ba. Kurɓar farko zaƙi, kamar Maltina ta haɗu da Coke. Can sai wani ɗan ɗaci ya biyo a maƙogwaro, da ƙamshin kayan yaji. Wallahi da sanyinsa na sha, waje ƙanƙara na zuba, ban ajiye kofin ba sai da na ga ƙasansa.

6/ Abin da ya fi min daɗi: ba abin shan baƙi ba ne. Yara, kakanni, har masu shan giyar ma shi suke zubawa. Ba wanda ya tambaye ni dalili.

7/ Bayan biki sai ya yi wuyar gani. Da Ista yake dawowa da sabon suna, påskmust.

8/ Masu shirin zuwa, a kula: julöl giya ce, julmust lemo. Sunayen sun yi kama, kwalaben ma haka. A karanta kafin a buɗe.

9/ 'Yan uwa da ke Jamus da Rasha, ku me ke cikin kofinku a irin wannan taro?