Allurar mai ta kusa raba mu

Mu biyu ne, wa da ƙane, muke jan mashin ɗaya a nan Ibadan. Ɗaya ya fita daga asuba zuwa azahar, ɗaya ya karɓa har dare. Ƙa'idarmu tun farko ita ce duk wanda zai miƙa makulli sai allurar mai tana kan rabi.

Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ba wanda ke cika tanki. Lita biyu, lita uku, haka ake tafiya. To a irin wannan hali, in allura ta yi ƙarya, aljihun wani ne zai ji.

Sau uku a mako guda na yamma yana karɓar mashin allura na rabi, bai kai Ojoo daga Sabo ba sai ya juya rizab. Ranar ta uku da fasinja a baya, ga ruwan sama, ya tura har gidan mai. Ba mu yi cacar baki ba, abin da ya fi haka muni muka yi: muka daina cin abinci a kwano ɗaya. Na yamma yana zargin ana zuƙe mai, na safe yana jin an mai da shi ɓarawo.

Wani dattijon bakanike a Mokola muka kai wa, da niyyar sayen sabuwar mita. Ya ce, "Yarana, ku riƙe kuɗinku tukuna." Ya duba fiyus, lafiya. Ya zare soket ɗin da ke fitowa daga ƙarƙashin tanki, ga tsatsa ta yi kore, aikin damina. Ya kankare, ya tabbatar murfin tanki a rufe yake, ya kunna makulli, ya haɗa wayoyin biyu da ke zuwa mita. Allura ta haura har sama. Ya raba su, ta sauko ƙasa. Ya ce mita ba ta da laifi, matsalar na ciki.

Sai da ya juye man a galan ya kwance abin. Ashe wata 'yar roba ce ke iyo a kan fetur, tana haɗe da siririn ƙarfe, shi ke gaya wa allura inda mai ya tsaya. Namu ƙarfen ya lanƙwashe, yana maƙalewa a tsakiya. Mai na sauka, shi yana nan. Ya ce da robar ce ta huje ta sha mai, da nitsewa za ta yi, allura ta kwanta ko tanki a cike yake. Ya kuma ja mana kunne: kada a kuskura a leƙa tanki da ashana.

Ya miƙar da ƙarfen, kuɗin aikin bai kai na lita biyu ba. A hanyar dawowa wan ne ya fara cewa, "Ka yafe mini." Yanzu tare muke zuwa gidan mai lokacin canji, mu rubuta lambar kilomita a bayan kwali.