'Yan Katakon Na'ibawa: Allon Da Aka Yi Da Ɓarɓashi

Duk wanda ya shiga Kano ta titin Zariya zai wuce Na'ibawa, inda babbar kasuwar 'yan katako take. Tun daga bakin hanya ƙarar injin zarto da ƙamshin ɗanyen itace suka tarye mu. Manyan motoci na sauke falankan da aka yanko daga dazuzzukan kudu, kafintoci kuma na ta ciniki.

Can cikin rumfuna muka tarar da wasu alluna jibge, kowanne ƙafa 8 a tsawo, 4 a faɗi, fuskarsu sumul. Da muka duba gefen guda, sai muka ga ba daga gungume aka yanko shi ba, ɓarɓashin itace ne aka dunƙule.

A masana'anta, ana niƙa guntayen itace da ragowar da zarto ya bari, a busar, a fesa musu gam. Sai a shimfiɗa su hawa uku: mai laushi sama da ƙasa, mai gautsi a tsakiya. Daga nan inji ya danne su da zafin da kan kai digiri 200 har su zama allo. A Jamus aka fara wannan sana'a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da katako ya yi ƙaranci. A Amurka da Kanada akwai irinsa da ake kira OSB, wanda ake yi da dogayen siraran feren itace, kowane hawa a gicciye da na ƙasansa. Gicciyewar ce ke ba shi ƙarfin da har ake bangon gida da rufi da shi.

Allon ɓarɓashi ya fi katako araha, shi ya sa ake yawan yin gado da wadirob na amare da shi. Kuma yana cin moriyar abin da da ƙonewa za a yi. Amma babban maƙiyinsa ruwa ne. Da zarar damina ta jiƙa gefensa sai ya kumbura, ba zai koma daidai ba. Idan aka yawaita kwance noti ana ɗaurawa, ramin zai rududduge.

Don haka ƙannenmu, ranar da za a saya wa yayarku kayan ɗaki, ku leƙa bayan wadirob ku duba gefen allon. Ku ba da shawara a ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa, kada kuma a jingina shi da bango mai danshi.