Ido Ke Fara Ci Kafin Baki

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai masu kamfanonin abinci sun daɗe da gane cewa idon nan ana iya yi masa wayo, har ya ja harshe su ɓace tare.

A shekarar 2004 wani masani mai suna Read Montague da abokan aikinsa a birnin Houston na Amurka suka gwada mutum 67 da lemon Coca-Cola da Pepsi, wasunsu suna kwance cikin na'urar da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana bin inda jini ke kwarara. Da aka ɓoye sunayen, zaɓin mutanen ya rabu kusan daidai. Amma da aka nuna musu tambarin Coca-Cola, sai akasarinsu suka karkata can, sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye tunanin abin da ya wuce kuma ya motsa. Wato mutum ba lemo kaɗai yake sha ba, har da tallan da ya taɓa gani.

Mu a Dutse ba mu da wannan na'ura, amma muna da dabino. Allah ya albarkaci ƙasarmu da shi, har Gwamnatin Tarayya ta ajiye tashar binciken dabino a garin. Duk da haka, je ka kasuwar Shuwarin ka gani: namu na zube a faranti ana awo, ƙura na sauka a kansa, na ƙasashen Larabawa kuwa yana zuwa mana a kwali mai ruwan zinare.

Wata rana na kawo dabinon Dutse aji, na zuba rabi a tsohon kwalin da wani alhaji ya ba ni tsaraba, rabi a baƙar leda. Ɗalibaina suka yi wa na kwali rubdugu, wata yarinya har da cewa ƙanshin Madina take ji. Da na faɗa musu bishiya ɗaya ce suka yi dariya. Ni kuwa manomin na tuna, wanda ya hau ya yi wa bishiyar barbara da hannunsa, leda ta karya masa farashi.

To, 'yan'uwana marubuta, bangon littafi shi ne kwalinmu. Sau nawa muke shafe shekara muna rubutu, sannan mu bar wa maɗaba'a ta manna mana kowane irin hoto? Mu zauna da mai zane kamar yadda muke zama da alƙalami. Amma mu sani, bango sau ɗaya yake sayar da littafi. Mai karatun da ya buɗe ya tarar da ƙaiƙayi ba zai nemi na biyu ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Allah ya sa mu dace.